Dogon Gilashi da Kunyar Ɗan Fari

Shekarun baya, lokacin da tumbina bai gama cin nasara a kan bel ba, aka kawo mahaifiyata Abuja don a yi mata aikin yanar ido. Gidana na unguwar Gudu ta sauka, ba don ta so ba, sai don ba ta da wani ɗa a garin. Tun a mota ta sanar da ƙanena da ya rako ta cewa ranar da likita ya sallame ta, washegari tana hanya, kuma ita da Abuja har abada, garin da maƙwabci zai tuƙa tuwo ya kulle get ya cinye abinsa shi kaɗai.

Kafin in kai ku shagon kyamara sai na gaya muku yadda muke da ita, in ba haka ba za ku ɗauka taɓin hankali ne ya same ni. Ni ne ɗan fari. Waɗanda suka tashi a ƙauyukan ƙasar Katsina sun riga sun gane, ku kuma yaran Abuja ku matso kusa. Mahaifiyata ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ba ta kallon fuskata. In na durƙusa na ce, "Inna, ina kwana," bango take amsa wa, kuma ko bangon a taƙaice. In goronta ya ƙare, sai ta dubi matata ta ce, "A gaya wa masu gidan goro ya ƙare," alhali masu gidan suna zaune a gefen tabarmarta suna tsefe gemu. Ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce irin ta iyayen da. A hannun kakata na tashi, kuma ban taɓa jin an rage ni da komai ba. Autanmu kuwa, ƙato da shi, har yau in ya je gida zai miƙe a kusa da ita suna gulmar mutanen gari kamar sa'o'in juna.

Matata 'yar ƙanin Inna ce, Gwaggo take ce mata, don haka su babu wannan shamaki a tsakaninsu. Tun da aka cire wa Inna bandeji ta fara samun sauƙi, kullum da la'asar sai su fita tsakar gida, suna tsinkar zogale ko gyaran wake, suna hira. Daga falo ina jiyo dariyar Inna. Dariya ce mai kyau, irin wadda ke farawa a hankali ta ƙare da tari. Amma da na sako ƙafa waje, ɗif, kamar an ɗauke wuta. Ta ja mayafi, ta juya gefe, ta fara nazarin wake kamar a cikinsa ta ajiye ɗan kunne. Nan ne na zauna na lura da wani abu da ban taɓa lura da shi ba: na kai shekarun furfura, na san sautin dariyar mahaifiyata, amma ban san kamanninta ba.

Ga kuma wata matsalar. Mahaifinmu ya rasu bai bar mana hoto ba sai na fasfon aikin hajji, wanda hatimi ya cinye masa kunne da rabin kumatu. 'Ya'yana sun tashi da sanin kakansu a matsayin wani dattijo mai tambari a fuska. Ita kuma Inna hotonta ɗaya ne a duniya, na katin zaɓe, ta fito kamar wadda aka tsare a shinge ana neman takardun mota. Matata ta gwada ɗaukarta da waya. Da Inna ta ga an ɗaga waya sai ta ƙame, ta tsuke baki, ta zaro ido, a sake samun wani katin zaɓen. Na ce a raina, kafin matar nan ta bar Abuja sai na samu hoto ɗaya tak da take dariya a ciki. Abin da ya kai ni sayen kyamara ke nan. Ba sana'a ba, ba sha'awa ba.

A lokacin na kwashi adashen ofis. Matata ta riga ta yi wa kuɗin suna, injin wanki, har ta share wurin da za a ajiye shi. Na zaunar da ita na yi mata bayani. Ta ce, "To, amma ka sani, in hoton bai fito ba kai ne injin wankin." Na amince da wannan sharaɗi, domin a lokacin ina da yaƙinin da jahili kaɗai ke iya samu.

Ina da wani aboki mai ɗaukar hoton biki, Bayarabe ne, a kasuwannin Abuja ya koyi Hausa, kuma yana yin ta da ƙarfin hali, mace da namiji duk "shi" ne a wurinsa. Na taɓa raka shi wani biki a Maitama ina riƙe masa jaka. A bakin get na ga ikon Allah. Masu gadi suna tsare manyan mutane suna neman katin gayyata, amma da suka hango abokina da ƙatuwar kyamara a wuya, har da sara masa. Tun daga ranar na sa a raina cewa girman kyamara shi ne girman mutum. Kuma na yi lissafin cewa wayar ce Inna ta raina. In ta ga kyamara ta gaske, irin ta masu hoton da ke zuwa ƙauye da sallah, za ta gyara zama ta ba aiki haƙƙinsa.

Na kira shi na ce ya raka ni. Ya tambaye ni me zan riƙa ɗauka, na ce fuska, fuskar tsohuwa. Ban yi masa ƙarin bayani ba. Ta ina mutum zai fara?

Wani shago ya kai ni a Wuse, a saman bene, ɗan ƙarami, amma kyamarori sun cika shi har rufi. Mai shagon dattijo ne fari siriri, daga jin gaisuwarsa na san mutumin ƙasarmu ne. A nan na fara sanin cewa kyamara ba abu ɗaya ba ce. Akwai bodi, wato gangar jikin, akwai kuma gilashin da ake ɗaura mata a gaba, wanda su suke ce wa lens, kuma kowanne da kuɗinsa. Na nuna wata ƙatuwa a sama na tambayi farashi. Da ya faɗa, sai na ji kamar benen ya ɗan motsa. Na ce, "Da gilashin ke nan?" Ya ce, "A'a, yallaɓai, bodi kawai." Na ce ko mai tumatir yana yin gyara, shi ba zai sa mini gilashin gyara ba? Ya yi murmushi irin na wanda ya saba ganin irinmu, ya miƙo mini kujera.

Abokina ya ja ni gefe. Ya ce, "Oga, ka saurare ni. Kuɗi ɗinka ba shi da yawa. Hanya biyu ne. Ko ka sayi sabon bodi da wannan gilashi da kamfani yake haɗawa da shi, kuɗi ya ƙare ƙaf, ka samu hoto kamar na waya mai tsada. Ko ka sayi bodi na hannu, ƙarami, ka zuba sauran kuɗi a gilashi mai kyau. Bodi kamar waya ne, bana sabo, baɗi tsoho. Gilashi kamar fili ne, yana nan."

Na ce na ji batun na hannu, amma ƙarami ne ban ji ba.

Muka yi ta ja. Shi yana nuna mini wata 'yar mitsitsiya da za ta shige aljihun babbar riga, ni ina nuna wadda za ta sa mai gadi ya sara mini. A ƙarshe muka haɗu a tsakiya, tsakiyar da ta fi kusa da ni: bodi na hannu mai ɗan jiki da nauyi, wanda ya cinye kusan duk adashen. Abokina ya duba shi kamar mai sayen mota. Ya duba yawan ɗaukar da ya yi a rayuwarsa, domin ashe su ma suna da lissafin tafiya irin na mota. Ya buɗe wurin batir ya shinshina. Ya ɗauki farin bango ya ƙura wa hoton ido yana neman ɗigo. Da ɗan abin da ya rage ya zaɓar mini wani guntun gilashi da suke kira fifti, ba ya zuƙowa, ba ya komawa, in kana son kusa ka taka da ƙafarka. Ya haska shi da tocilan ɗin waya ta baya don ya ga ko fumfuna ta kama cikinsa. Ya ce, "Wannan shi ne gilashi na talaka mai hankali. Ko a ɗaki mai duhu zai gani. Fuska zai fito tas, baya ya narke." Ya gwada a kaina. Wallahi ban taɓa sanin ina da kyau haka ba. Har na yi tunanin ko in tsaya takara.

Da la'asar na sa sabuwar shadda, na rataya kyamara, na fito tsakar gida da sallama. Dariya ta ɗauke kamar kullum. Na tsaya daga bakin ƙofa na leƙa, na ga Inna 'yar ƙarama a cikin hoton, ga bokiti, ga igiyar shanya, ga janareta. Sai na tuna an ce da ƙafa ake zuƙowa. Na taka. Na ƙara takawa. Kafin fuskarta ta cika hoton, na zo kusa da ita fiye da yadda na taɓa zuwa tun da aka yaye ni.

Ta ja mayafi har goshi, ta juya wa duniya baya, ta ce wa matata, "Ɗiyar nan, mi ake nema a nan? In wani abu ya ɓace a faɗa a taya nema."

Matata ta ce, "Gwaggo, hoto za a yi miki."

"An yi mini na zaɓe."

Ban karaya ba. Na yi kwanaki ina kai hari. Na ɗauki ƙeyar Inna ta kowace kusurwa. Na ɗauki kunnenta na hagu. Na ɗauki mayafinta da kyau har ana iya ƙirga zaren, masaƙar da ta yi shi ma ba ta da hotonsa mai kyan nawa. Rannan na laɓe bayan labulen ƙofar kicin, amma gilashin sai da ya leƙo, ita kuma ta ce a gaya wa masu gidan labulensu yana numfashi. Mafi muni shi ne, ta fara rage fitowa tsakar gida. Wato na je neman dariya na kore ta gaba ɗaya. Ana cikin haka aka koma asibiti, likita ya duba ya ce ido ya yi kyau, saura dubawa ɗaya ya sallame ta. A daren ta sa aka ɗauko mata jakarta ta fara ninke zannuwa. Matata kuma ta fara tara mini wanki a kusurwar ɗaki.

Na kira abokina na ce mu koma shagon, gilashin nan bai yi ba. Ya zo a fusace, domin a ganinsa na zagi fifti. A gaban mai shagon ya karɓi kyamarar yana duba hotunan, yana wucewa, ƙeya, kunne, mayafi, ƙeya.

"Oga, gilashi ba shi da laifi. Dubi yadda mayafi ya fito. Amma me ya sa mama ɗinka yana juya baya? Kun yi faɗa?"

"Ba mu yi faɗa ba."

"To ka ce masa ya zauna mana. Mama, zauna, duba nan, yi murmushi. Ni mama ɗina in na ɗaga kyamara sai ya canza gele sau uku."

Mai shagon, wanda tun ɗazu yake goge wani gilashi, ya miƙo hannu ya karɓi kyamarar. Ya dubi hoto biyu ko uku. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Halan kai ne ɗan fari?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "Ai da ka faɗa tun ranar. Ka zo ka ce fuska, muka ba ka gilashin fuska. Ba ka ce fuskar da ba ta kallonka ba ce." Ya juya ga abokina ya yi masa bayanin alkunya a taƙaice. Abokina ya saurara baki buɗe, ya ce shi a garinsu ɗan fari shi ne sarki, sunansa ma ake kiran uwar da shi. Mai shagon ya ce ai mu ma sarkin ne, sai dai ba a gaya masa.

Sannan ya yi mini tambayar da ya ce da ita ya kamata a fara sayen kowace kyamara: "Daga ina za ka tsaya? In kana ina ne take sakewa?"

Na yi tunani. Na ce in ina falo tana dariya. In na fita da mota, ina jin tana dariya tun ban kai get ba.

"To nisan get za mu saya maka."

Ya shiga ciki ya fito da wani dogon gilashi na hannu, duk jikinsa ƙarce, robar ta saki, murfin ma na wani ne aka ara masa. Ya ce cikinsa lafiya lau, kuma abokina ya haska ya tabbatar. Ya ɗaura shi ya ce in leƙa ta taga. Na leƙa. Can tsallaken titi wani mai rake yana sakace, na ga haƙorin da yake sakacewa. Na ce a naɗe mini shi. Sai na tuna aljihuna babu komai sai makullin mota.

Mai shagon ya ce hanya ɗaya ce. In dawo da bodin nan mai nauyi, ya ba ni ƙaramin da abokina ya nuna mini tun farko, tunda kamfaninsu ɗaya, bakinsu ɗaya, duk gilasan biyu za su hau. Bambancin kuɗin ya tafi a dogon gilashi. Abokina ya yi wani irin tari da na fahimci ma'anarsa. Na dubi ƙatuwar kyamarata, wadda ko mai gadi ɗaya bai samu damar sara mata ba, na cire ta daga wuya. Wadda aka ba ni, in ka ɗaura mata dogon gilashin, sai ka ga kamar an ɗaura wa kwalin ashana taɓarya.

Kafin in sauko suka yi mini gargaɗi biyu. Na ɗaya, gilashin mai araha ne, yana son haske, kada in jira magariba ta kawo kai. Na biyu, duk abin da ya zuƙo nesa yana zuƙo rawar hannu, don haka in nemi abin da zan ɗora shi a kai. Na ce hannuna ba ya rawa. Da na gwada a kan kajin maƙwabta, kowace kaza ta fito da kai biyu.

Ranar da aka sallame ta, ƙanena ya iso don su kama hanya da safe. Dama ta rage mini ta yammacin nan kaɗai. Muka shirya da matata: zan yi sallama in ce na tafi ofis ɗauko wata takarda, in ja mota zuwa bakin get in kashe ta a inuwar katanga, ita kuma ta fito da Gwaggo tsakar gida ta yi duk yadda za ta yi.

Na yi sallama da ƙarfi yadda har unguwar gaba za su shaida na fita. Na ja mota, na faka ta a karkace, na kwantar da kujera, na sauke gilashin ƙofa kaɗan, na ninke darduma na ɗora a kai, na kwantar da dogon gilashina a kanta. Ban kunna sanyi ba don kada a ji ƙarar inji. Wanda ya san zafin Abuja kafin saukar ruwan farko ya san abin da na sa kaina. Gumin da na yi a motar nan, da an tara shi da an yi noman rani a Sheda.

Na jima a haka kafin su fito. Matata ta shimfiɗa tabarma, Inna ta ce ba nan ba, a matsar da ita can. Aka matsar. Ta zauna, fuskarta tana kallon get sosai, hasken la'asar yana sauka a kanta daga gefe. Na ce a raina Allah ya dafa mini. Na danna maɓallin ɗauka rabi don gilashin ya nemo fuskarta, ya yi wani ƙugi kamar injin markaɗe, na runtse ido ina jiran asiri ya tonu. Ba wanda ya waiwayo.

Sai ga fuskar Inna ta cika mini ido. Na daɗe ban danna ba, kallo kawai nake. Ban taɓa samun damar yi mata irin wannan kallon ba. Ashe akwai wani ɗan tabo a gefen girarta. Ashe hancin da nake ta zargin mahaifina da shi, nata ne.

Ba na jin abin da suke cewa, amma na ga matata ta miƙe tana kwaikwayon wani abu: ta turo ciki gaba, ta rataya ludayi a wuya, tana sanɗa tana leƙe. Ban buƙaci tafinta ba, ni ake yi. Inna ta fara toshe baki da gefen mayafi. Sai mayafin ya suɓuce. Ta kwashe da dariya, kai a sama, idanu a rufe, giɓinta a waje, hannu ɗaya yana dukan cinya. Na danna. Na yi ta dannawa har kyamarar ta fara haki. Ban san lokacin da na fara dariyar ni ma ba, ni kaɗai a mota kamar sabon kamu, ga gumi, ga wani ruwan da ba gumi ba.

Da ta lafa, ta yi tarinta, ta gyara mayafi. Ta ci gaba da zama a miƙe, fuska a get, ba ta motsa ba. Can sai na ga ta yi wa matata magana. Matata ta dafe baki, ta taso, ta nufo mota kai tsaye, ta ƙwanƙwasa.

"Gwaggo ta ce a tambayi na cikin mota ko an gama, wuyanta ya ƙage."

Na ce, "Ke kika gaya mata?"

"Ni? Mutumin da ka biya aka wanke wa ido? Tun kana ninke darduma take kallonka ta taga. Ba ka ga mayafin da ke jikinta ba? Na sallah ne, sai da aka kwance jakar da ta ɗaure aka ciro shi daga ƙasa. Har kwalli ta ce in ba ta, na ce likita ya hana."

Na sake duba hoton. Mayafin sallah ne kuwa. Ni da na yi kwanaki ina karantar mayafan matar nan, ban lura ba.

Na fito daga mota jiƙe sharkaf, na zo na wuce ta gabanta da sallama. Ta amsa wa bango. Da safe suka kama hanya, kuma ta cika alkawarinta, ba ta sake taka Abuja ba. Mu ne muke zuwa.

A cikin tarin hotunan, da yawa sun yi rawa, wasu gilashin ya bar Inna ya kama igiyar shanya. Amma akwai guda ɗaya da komai ya zauna. Na kai aka wanke shi babba, aka sa a firam, na yi wa kowane ɗan uwa nasa. Injin wanki sai a adashe na gaba aka saya, kuma tsakanin nan da can na taɓa ruwan sabulu fiye da yadda zan so a sani, domin matata ta ce sharaɗin bai yi maganar wanda za a yi wa wanki kafin injin ya iso ba.

Masu turo mini saƙo suna tambayar wace kyamara za su fara da ita da ɗan abin da ke hannunsu, ga amsar da nake ba kowa. Kada ka fara da tambayar wace ce babba. Ka sayi bodi na hannu mai lafiya, wanda ba zai cinye maka kuɗin ba, ka je da wanda ya san abin dubawa. Ka nemi fifti, domin har yau shi ne a kan kyamarata, da shi na ɗauki sunaye da saukar karatu da bukukuwan da ba su ƙirguwa. Amma kafin ka ciro ko sisi, ka zauna ka tambayi kanka wa za ka ɗauka, kuma daga ina zai yarda ka tsaya. Ka faɗa wa mai shago gaskiyar amsar, ko da tana da nauyin faɗa. Wani sai ka zo dab da shi yake sakewa. Wani kuma sai ka ja baya har bakin get, ka yi kamar ba ka nan, shi ma ya yi kamar bai gan ka ba.

Inna tana nan da ranta, ta ƙara tsufa, idon dai garau. Har yau bango take amsa wa gaisuwata. Da na kai mata nata hoton, ta hannun matata na miƙa, ta dube shi ta ce a ajiye can, ban sake jin labarinsa ba. Sai bara autanmu ya kira ni yana dariya, ya ce ashe a ɗakinta ta sa aka kafa shi, saman gado, inda duk wanda ya shigo zai gani. Ya ce rannan wasu mata sun zo gaishe ta, ɗaya ta tsaya tana yaba hoton, ta tambayi wanda ya ɗauka.

Na ce, "Me ta ce?"

Ya ce ta gyara ɗaurin kallabi, sannan ta ce, "Wani mai hoto ne can Abuja. Ya iya aikinshi."

Na sa ya maimaita mini, na ce layin ne ba kyau.